Wa Zai Binciki Mai Bincike?

Malaman hadisi na farko, Allah Ya jiƙansu, idan aka kawo musu riwaya ba sukan tsaya ga lafazinta kaɗai ba, sai sun bi diddigin wanda ya kawo ta: wane ne shi, daga bakin wa ya ji, shekarunsa nawa sa'ad da ya ji, yaya ƙarfin haddarsa, kuma ko akwai wata ƙungiya ko wani sarki da zuciyarsa ta karkata gare shi, har wannan bin diddigi ya zama fanni mai zaman kansa, da shaihunansa da littattafansa, wanda ake kira jarhi da ta'adili. Ilmin zamantakewa irin na jami'a, wanda ke aika mutum ƙauye ko unguwa ko kasuwa ya zauna da jama'a, ya ji ta bakinsu, ya dawo ya rubuta yadda suke rayuwa, ya daɗe ƙwarai kafin ya kai wannan matsayi, domin shekaru masu yawa an ɗauki mai bincike tamkar ba shi da gari, ba shi da dangi, ba shi da wata buƙata a duniya, abin da idonsa ya gani shi ne abin da ke akwai. Yau an yarda, ko da a baki ne, cewa mai bincike shi ma mai riwaya ne, kuma wajibi ne ya yi wa kansa muhasaba, ya san abin da asalinsa da matsayinsa suka nuna masa da abin da suka ɓoye masa. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne cewa wannan ɗabi'a ba ta shiga mutum ta hanyar haddace littafin ƙa'idojin bincike. Daga malami ake ɗaukarta, a gabansa, yadda ake ɗaukar ladabi, kuma ba daga kowane malami ba, sai wanda ya yarda ɗalibinsa ya gan shi yana yi wa kansa ita.

Hujjata ta fito ne daga Aljeriya, a tsakiyar yaƙin neman 'yanci da aka gwabza daga 1954 zuwa 1962. Pierre Bourdieu, Bafaranshe, an haife shi a 1930 a wani ƙauye na yankin Béarn, can kudu maso yammacin Faransa, ɗan ma'aikacin gidan waya ne, ya yi karatun falsafa a babbar makarantar Faris wadda ke yaye manyan malaman ƙasar, sa'an nan aka kai shi Aljeriya a 1955 cikin aikin soja na dole. Da wa'adinsa ya cika bai koma gida ba, ya tsaya yana koyarwa a jami'ar birnin Aljiyas, inda a 1958 ya haɗu da wani ɗalibi mai suna Abdulmalik Sayad, mutumin ƙauyen Aghbala a duwatsun Kabiliya, wanda ya riga ya yi aikin malamin firamare, kuma shekara 3 kacal ke tsakaninsu. Malamin yana da ƙa'idojin nazari da sanin littattafai. Ɗalibin kuwa yana da harshen mutanen, ya san ƙofar da ake yin sallama da wadda ba a kusanta, ya san abin da dattijo ke nufi in ya yi shiru.

A wannan zamani sojan Faransa, don su raba mayaƙan 'yanci da talakawan da ke ciyar da su, sun tashi ƙauyuka ɗungum, suka tattara fiye da mutum miliyan 2, wajen rubu'in al'ummar ƙasar, a sansanonin da aka zana su layi-layi ƙarƙashin idon soja, nesa da gonakinsu da itatuwan zaitun da ɓauren da suka gada. Cikin irin waɗannan sansanoni, a yankin Collo da kwarin Shalif da wasu wurare, malamin da ɗalibin suka shiga a 1960 suna tambayar mutane yadda suke ci da yadda suke kwana. Duk mai hankali zai ga cewa a irin wannan wuri babu tambaya mara nauyi, domin Bature ne ya ratso shingen soja da takarda da alƙalami, yana tambayar magidanci 'ya'yansa maza nawa da inda kowanne yake, alhali wasunsu suna kan dutse da bindiga. Wanda bai fara tambayar kansa a matsayin wa ake kallonsa ba, kuskurensa ba zai tsaya a kan takarda ba, yana iya kaiwa ga ran mutum. Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1964, a kan tumɓuke manoma daga tushensu, ya fito da sunayensu su biyu a bango, abin da ba a saba yi wa ɗan ƙasar da aka mallaka ba, wanda galibi matsayinsa tafinta ne, in an yi masa karamci a gode masa a layi guda.

Ga wani abu da suka ci karo da shi a binciken aikin yi, wanda aka buga a 1963. Manoman Kabiliya, waɗanda da yawansu sun taɓa zuwa Faransa sun yi aikin albashi a masana'antu, in aka tambaye su sukan ce ba su da aiki. Manoma da makiyayan kudu kuwa, waɗanda ba su fi su yawan kwanakin aiki a shekara ba, sukan ce suna da aiki. Mai ƙidaya zalla da ya rubuta cewa zaman banza ya fi yawa a Kabiliya, ya rufe littafinsa ya tafi. Amma da aka juya aka binciki tambayar kanta, sai aka ga ta zo ne da ma'aunin birni a cikinta, wato aiki shi ne abin da ake biya a ƙarshen wata, alhali a wurin mutumin kudu magidancin da ya zaga gonarsa, ya duba dabbobinsa, ya halarci majalisar gari, ya tsaya kan iyalinsa, yana bisa aikinsa ko da ranar bai riƙe fartanya ba. Abin da tambayar ta auna, ashe, shi ne nisan da tunanin albashi ya yi cikin zukata.

Haka kuma batun aure. Littattafan Turawa sun cika da cewa ƙa'idar Larabawa da Barbar ita ce mutum ya auri 'yar baffansa, dattawan gari ma in an tambaye su haka suke faɗa. Da su biyun suka zauna suka bi salsalar gidaje, suna ƙirga aure ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar irin wannan aure bai wuce 3 zuwa 4 cikin 100 ba, a gidajen malamai da zuriyar waliyyai ne yakan kai 5 ko 6. Dattawan ba ƙarya suka yi ba. Sun ba baƙo labarin da ya dace da martabar gida, wanda maza ke faɗa a bainar jama'a, suka bar aurarrakin yau da kullum waɗanda mata ke ƙullawa ta hanyar ziyara da biki da zumuncin ɗakin uwa. Mu da muka san tazarar da ke tsakanin abin da ake faɗa a zaure da abin da aka riga aka gama a tsakar gida ba ma buƙatar dogon sharhi a nan.

Amma abin da na ɗauka shi ne mafi girman darasi, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne abin da malamin ya yi a 1959 da 1960, sa'ad da ya koma yankinsu na Béarn ya juya kayan bincikensa a kan mutanensa, ya kuma tafi da Sayad. Mas'alar da ya sa a gaba ita ce yawaitar tuzurai a cikin manoma. Al'adar yankin ita ce babban ɗa ya gaji gida da gona gaba ɗaya don kada a rarraba, kuma a da shi ne wanda kowane gida ke marmarin ba shi 'ya. Sai zamani ya juya, 'yan mata suka ɗanɗana zaman birni, suka daina son zaman gona ƙarƙashin uwar miji, magadan gonaki suka tsufa ba mata. Ya siffanta wani taron rawa na daren Kirsimeti a ƙauyen: samari masu shigar birni suna tsakiyar fili da 'yan mata, su kuwa magadan, wasu sun ba talatin baya, suna tsaye a gefe cikin tufafinsu masu kauri, suna kallo, ba wadda ta dube su, har dare ya raba suka watse. Waɗannan fa sa'o'insa ne, da wasunsu ya yi firamare, shi karatu ya ɗauke shi ya kai shi Faris har harshensa ya sauya, su suka zauna. A Kabiliya Sayad ne ɗan gida, Bourdieu baƙo; a Béarn al'amarin ya juya, ɗalibin ya zama baƙo mai kallo, ya ga malaminsa cikin danginsa, ya ga inda kunya ke kama shi, ya ga tambayoyin da nauyinsu ke hana shi yi, ya ga kuma yadda yake tilasta wa kansa ya dubi mutanensa da idon da ya dubi mutanen wani. Bourdieu ya faɗa daga baya cewa wata magana da mahaifiyarsa ta yi a cikin hira, game da wani gida da suka tashi suka ƙarfafa zumunci da wasu danginsu tun da ɗan waɗancan ya shiga wata babbar makaranta, ta taimaka masa ya fahimci cewa dangantaka aba ce da ake rayawa ko a bari ta mutu gwargwadon amfaninta, abin da jadawalin salsala ba ya nunawa. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai an gaya masa, kuma malamin da ya kai ɗalibinsa garinsu ya ba shi izinin ya duba tasa ke nan.

Ya kamata a rarrabe wannan muhasaba da wani abu mai kama da ita. Bayan an buga littafin sirri na shahararren mai binciken nan Malinowski a 1967, wanda ya bayyana ƙosawa da ƙyamar da ya riƙa ji game da mutanen tsibiran da ya yi suna da nazarinsu, sai wata al'ada ta yaɗu, musamman a Amurka, ta mai bincike ya cika shafuka da labarin zuciyarsa, da kaɗaicinsa, da nadamarsa, har mutanen da ya je dominsu su koma 'yan rakiya. Bourdieu ya ƙi wannan ƙwarai. Abin da ya nema shi ne mai bincike ya sa kansa a ma'aunin da ya sa wasu: ya duba gidan da ya fito da abin da ya sabar masa, ya duba kujerarsa a jami'a, wa ke ƙara masa girma, wane batu ne ke kawo kuɗin bincike, wace mujalla yake kwaɗayin ta buga shi, sa'an nan, wanda ya fi duka ɓoyuwa, ya tuna cewa shi mai sarari ne, an ɗauke masa neman abincin yau don ya zauna ya yi nazari, saboda haka yana iya ɗaukar rayuwar mutane tamkar nassin da ke jiran sharhi, alhali su matsala ce a gabansu da dole a warware kafin magariba. Bai tsaya ga faɗa ba, a 1984 ya fitar da littafi a kan malaman jami'ar Faransa, jama'ar da shi kansa yake cikinta. Kuma abin lura ne cewa a ƙasar ta Aljeriya, a ƙal'ar Ibn Salama, Ibn Khaldun ya zauna a 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya jero dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labari, daga ciki har da ta'assubanci ga ra'ayi ko mazhaba, da sakankancewa da masu riwaya, da neman kusanci ga masu mulki, da jahiltar ɗabi'ar al'umma. Uku na farko duk ciwon mai ɗauko labarin ne.

To me ɗalibin ya yi da abin da ya ɗauka? Sayad ya koma Faransa a 1963, ya ba da sauran rayuwarsa ga nazarin 'yan ci-ranin Aljeriya. Ya tarar masana suna fara labarin baƙo daga ranar da ya sauka daga jirgin ruwa, kuma tambayoyinsu ba su wuce nawa yake ci wa ƙasa, nawa yake kawo mata, ina za a zaunar da shi, zai saje ko ba zai saje ba. Ya nuna cewa waɗannan tambayoyin hukuma ne, masani ya are su bai sani ba, yana zaton nasa ne. Kuma kafin mutum ya zama baƙo a wani gari sai da ya bar wani gari, wanda ya rasa shi, wanda kuma ya tura shi saboda dalili. A wata maƙala ta 1975, wadda ya gina a kan doguwar hira da wani ɗan ci-rani mutumin Kabiliya, ya warware yadda masu dawowa hutu ke ɓoye ƙuncin da suke ciki, da cunkoson ɗaki, da wulaƙancin masana'anta, su zo da sababbin tufafi da tsaraba, ƙauye kuma ya taya su rufa asirin, domin in gaskiya ta fito ba wanda zai sake tura ɗansa, ƙauyen kuwa da kuɗin ci-rani yake rayuwa. Irin wannan magana ba a samunta da takardar tambayoyi mai gurbin e ko a'a. Sai an zauna sa'o'i, cikin harshen mutum, kuma sai mai tambayar ya san cewa shi ma ɗan ci-rani ne, amma mai alƙalami, wanda kusancinsa ke buɗe masa baki a wani wuri, karatunsa kuma ke rufe masa a wani.

Tasirin bai gudana ta fuska ɗaya ba. Babban littafin da Bourdieu ya jagoranta a 1993 a kan wahalhalun talakawan Faransa, mai kusan shafi 1000, galibinsa hirarraki ne, an kuma bar masu binciken su zaɓi mutanen da suka sani ko waɗanda halinsu ya yi kusa da nasu, don a rage fifikon da mai tambaya ke da shi a kan wanda ake tambaya. Sayad yana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma a ganina duk wanda ya san yadda yake sauraren mutane zai ga hannunsa a tsarin littafin. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa duniya ba ta raba musu lada daidai ba. Malamin ya hau kujera mafi daraja a ilmin Faransa, aka fassara shi cikin harsuna, ɗalibin kuwa ya yi shekaru yana aikin wucin gadi, sai a 1977 ya sami matsayi tabbatacce a cibiyar bincike ta ƙasa. Da ciwo ya kwantar da shi, ya danƙa wa Bourdieu tarin rubuce-rubucensa, ya rasu a 1998, malamin ya tsara su ya fitar da littafin a 1999 da gabatarwarsa, shi ma ya bi shi a 2002.

Wani zai ce, in dai daga malami ake ɗauka, ai an buɗe ƙofar taƙlidi ke nan, ɗalibi ya gaji idon malami har da hakiyarsa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ta taɓa waɗannan mutane biyu. An soki littafinsu na 1964 da cewa ya ɗauki begen da mutanen sansani ke yi wa ƙauyukansu tamkar hoton gaskiya na yadda ƙauyukan suke a da, alhali wanda aka raba da gidansa da ƙarfi ba ya tuna rigingimun gidan. An kuma soki Bourdieu da cewa ya siffanta Kabiliya kamar ƙasar da ba ta san allo da tawada ba, alhali tana cike da zawiyoyi da malamai. Abin da ya ƙarfafa mini ra'ayina shi ne cewa cikin masu wannan gyara har da Fanny Colonna, 'yar Aljeriya wadda ta rubuta kundinta a ƙarƙashinsa, ta kuma juya ta yi nazarin malaman addini da karatu a karkarar ƙasar, wato daidai abin da ya tsallake. Da ƙa'idarsa ta gyara shi. Malamin da ya koyar da sakamako yana haifar da masu maimaitawa, wanda ya koyar da tuhumar kai kuwa ya ba ɗalibansa makamin da za su fara gwadawa a kansa, kuma malaman usulu sun daɗe da sanin cewa mujtahidi a cikin mazhaba bai fita daga ladabi ga limaminsa ba don ya saɓa masa a wata mas'ala da hujja.

Mu ma a nan muna da silsilar da za mu duba. Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, shi ya ja ragamar Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana karatu a hannun Waziri Junaidu da taskar littattafansa, ya kammala kundinsa a Ibadan a 1964 a kan daular Usmaniyya da wazircinta. Kuma abin sha'awa ne cewa mutumin da ya fara kallon ƙasar Hausa daga gidan Waziri ya tashi daga baya ya je ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya kalle ta daga can gefe. Smith ɗin ne kuma ya duba kundin Yusufu Bala Usman a kan Katsina, shi kuma Yusufu ya koya wa ɗalibai masu yawa cewa abin da Baturen nan matafiyi Barth ya rubuta game da Katsina ba wahayi ba ne, sai an tambayi wane ne Barth, da wa ya zauna, me ya shiga tsakaninsa da masu gari. Kafin su duka, a 1949 da 1950, sa'ad da wani Smith ɗin daban, M. G. Smith, ke bincike a ƙasar Zazzau ya tarar shi namiji ba ya wuce zaure, matarsa Mary ce ta zauna da Baba mutuniyar Karo ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, littafin da ya fito a 1954, wanda ya adana abin da ba namijin da zai iya ɗaukowa.

Da wannan gado a hannu ne abin da ke faruwa yau yake da ciwo. Ɗalibin digiri na biyu zai tafi ƙauye binciken taki da bashi a tsakanin manoma, da takarda daga sashensa zuwa ga hakimi, hakimi ya tura shi wurin dagaci, dagaci ya sa mai unguwa ya tara masa mutane. A shimfiɗa tabarma a ƙofar fada, ya ajiye wayarsa tana ɗaukar magana, ya ce, “Baba, kuna samun taki a kan lokaci?” Dattijon ya dubi mai unguwa, ya dubi wayar, ya ce, “Alhamdu lillahi, Malam, ana samu daidai gwargwado.” A ƙauye na gaba kuma labari ya riga shi isa cewa ana rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi, sai ya tarar ba mai ko akuya a garin. Ya dawo ya juya amsoshin zuwa Turanci, ya zuba su a jadawali, a babi na uku kuma ya kwafo sakin layi guda daga wani kundi yana cewa ya kiyaye kada ra'ayinsa ya shafi sakamako. In ya kai wa malaminsa ya ce, “Allah gafarta Malam, ga babi na huɗu,” abin da zai dawo masa da shi gyaran nahawu ne da tsarin manazarta. Ba wanda ya tambaye shi wa ya kai shi, ina suka zauna, wa ke wurin sa'ad da ake magana, me mutanen suka zaci ya zo yi, kuma ina matan garin da ƙananan manoma masu noma gonar aro. Waɗannan tambayoyi ba sa cin kuɗi, kuma ɗalibin da aka taɓa yi masa su sau ɗaya da gaske zai riƙa yi wa kansa har ya tsufa.

Akwai kuma wani ruɗi da ya fi kama mu, wanda Bature ya tsira daga gare shi saboda baƙuntarsa a fili take. Ɗalibinmu yakan ce shi ɗan gari ne, harshensa ne, addininsa ne, saboda haka ba shi da shamaki. Amma ɗan gidan sarauta da ke tambayar talakawa game da haraji da gona, da ɗan birni da ke tambayar Fulanin ruga, da mabiyin wata ƙungiyar addini da ke nazarin wadda suke jayayya da ita, da namijin da ke rubutu a kan haihuwa da kishi, kowannensu an riga an ajiye shi a wani gurbi kafin ya buɗe baki, kuma sabo yana ɓoye masa abubuwan da baƙo zai tsaya ya tambaya. Tafiyar Béarn ta nuna cewa bincike a gida ya fi buƙatar tuhumar kai.

Na san uzurin malamanmu, ban kuma raina shi ba: malami guda da ɗaliban kundi fiye da ƙarfinsa, ga azuzuwa cike, ga albashin da ba ya kai wata, ga hanyoyin karkara da yawa da tsaro ya hana bi. Wannan nauyi ne a kan hukumomin jami'a, su taƙaita yawan ɗaliban da ake ɗora wa mutum guda, su kuma lissafa ranar da malami ya bi ɗalibinsa fili cikin aikin da ake biya da wanda ake duba wa wajen ƙarin girma. Amma akwai abin da ke hannun malami tun yau. Yana iya zama da ɗalibinsa sa'a guda su saurari hira ɗaya daga farko har ƙarshe, ya tsayar da ita a inda yaron ya katse dattijo, ko ya sa masa amsa a baki, ko ya wuce wata magana da aka sako a kaikaice. Yana iya ciro tsofaffin littattafansa na fili, da gogensu da gyaransu, ya nuna inda aka rufe shi a zaure shekaru bai gane ba. Wannan ya fi lacca goma, kuma shi ne abin da girman kai ya fi hanawa. Mai jarrabawa daga waje shi ma yana da ikon ya ƙi wucewa kan babi na uku sai ɗalibi ya faɗi ta hannun wa ya shiga garin. Sa'an nan akwai haƙƙin waɗanda ke yi wa manyan masana, na gida da na waje, aikin fili: malamin firamaren ƙauye da ya yi jagora, da ma'aikaciyar asibiti da ta shiga gidajen kulle, da ɗalibin da ya yi tafinta ya kuma bayyana abin da aka nufa da abin da aka faɗa. In fahimtarsu ta shiga cikin sakamakon, to sunansu ya hau bangon littafin tare da na malamin, yadda na Sayad ya hau a 1964, kuma a ba su damar karanta abin da aka rubuta su yi gyara kafin a kai shi maɗaba'a.